Wace kyamara ce ta dace da mai shirya fim da kuɗin aljihunsa?

Tambaya: Na daɗe ina shirya gajerun finafinai da waya, yanzu ina so in yi fim mai tsawo da kuɗin da na tara da kaina, ba wani kamfani a bayana. Wace kyamarar ƙwararru ce mai sauƙin kuɗi da hotonta zai iya shiga sinima ko bikin baje kolin finafinai ba tare da an ji kunya ba? Wasu sun ce mini lallai sai mai 6K, wasu kuma sun ce sai wadda Netflix ya amince da ita.

Amsa: Sannu da ƙoƙari ɗan'uwa, Allah ya taimaka. Zan ambata maka kyamarori da sunayensu, in kuma gaya maka wadda zan ɗauka da ni ne a matsayinka. Amma kafin nan akwai lissafin da nake so ka zauna ka yi a takarda. Kuɗin da ka tara na fim ne gaba ɗayansa, kyamara ɗaya ce kawai daga cikin masu haƙƙi a kansa. Shawarata ita ce kyamara tsurarta kada ta ci fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da ka ware wa kayan aiki. Sauran kashi biyun na lensi ne da kayan sauti da fitilu da batura da katunan memori da ƙafar kyamara da wurin ajiye abin da aka ɗauka. Wanda ya zuba komai a kyamara tamkar wanda ya sayi ingarman doki ne ba sirdi ba linzami, abin kallo a turke, amma babu inda zai kai shi. Na sha ganin finafinan da aka ɗauka da kyamara mai tsada, hoto tangaran, amma ba a jin abin da 'yan wasa ke faɗa, kuma mai kallo ba ya yafe wannan.

Abin da ya sa nake faɗin haka ba shakka a raina shi ne zamani ya sauya ƙwarai. A 2007 da kamfanin RED ya fitar da RED One a kan dala 17,500, masu harkar fim gani suka yi araha ta zo, domin kyamarorin sinima na wancan lokacin sun ninka wannan kuɗin. A 2008 Canon ya fitar da 5D Mark II, wadda asalinta ta hoton kati ce aka ƙara mata bidiyo, sai ga masu ƙaramin ƙarfi sun samu hoton da bayansa ke dushewa irin na sinima. Shekara goma bayan haka, a 2018, Blackmagic ya kawo Pocket Cinema Camera 4K a kan dala 1,295, da ingancin da a da sai manyan kamfanoni ke iya taɓawa. Fim ɗin The Creator na darakta Gareth Edwards, wanda ya fito a 2023 aka kuma nuna shi a manyan allunan IMAX, da Sony FX3 aka ɗauke shi, kyamarar da za ta shige ƙaramar jaka. An kashe wa fim ɗin kusan dala miliyan 80, kuma ɗan mitsitsi ne daga ciki ya tafi kan kyamara. Sauran ya tafi ne kan mutane da wurare da haske da aikin kwamfuta. Hausawa sun ce araha ba ta ado, to a kyamarorin yau maganar ta yi rauni, matuƙar dai ka san abin da za ka duba.

Abu na farko da ba zan sassauta a kansa ba shi ne kyamarar ta iya ɗaukar 10-bit a cikinta, ba sai an jona mata wata na'ura ba. Ga dalili. Kyamara mai 8-bit tana raba kowace kala daga cikin ukun da ake haɗa hoto da su, ja da kore da shuɗi, zuwa matakai 256. Mai 10-bit kuwa 1,024 take yi. Idan aka haɗa, ta farko tana da kaloli kusan miliyan 16.7, ta biyu fiye da biliyan ɗaya. Ranar ɗauka ba za ka ga bambancin ba a ɗan allon kyamara. Sai ka zauna gyaran kala, ka ɗan ɗaga duhu ko ka ja shuɗin sama, nan ne hoton 8-bit zai tsage, sama ta yi layi-layi kamar matakala, bango ya yi tabo-tabo. Inda abin ya fi ciwo shi ne fuskar mutum mai duhun fata. Kyawun baƙar fata a hoto yana cikin ƙananan bambance-bambance ne da ke ɓangaren duhu, tsakanin goshi da kunci da wuya, kuma nan ne 8-bit ke da ƙarancin matakai. Sai ka ga fuska ta zama dunƙule guda, ko ta yi toka-toka. Saboda haka duk kyawun da aka faɗa maka na wata tsohuwar kyamara, ka tambayi wannan tukuna. Sony a7 III ta 2018, alal misali, kyakkyawa ce a hoton kati, amma bidiyonta 8-bit ne, don haka ba zan ba ka shawarar ka gina fim mai tsawo a kanta ba alhali akwai zaɓi. Tare da 10-bit za ka ga ana rubuta 4:2:2 ko 4:2:0. Wannan yawan bayanin kala ne da kyamara ke ajiyewa. Na farkon ya ninka na biyun, kuma zai yi maka rana musamman idan za ka yi aiki da koren labule don sauya bayan hoto.

Na biyu shi ne tsarin ɗauka da ake kira Log, wanda kowane kamfani ke da nasa: S-Log3 a Sony, V-Log a Panasonic, C-Log a Canon. Hoton yakan fito a dushe, kamar an wanke shi, amma ya riƙe abin da ke cikin haske mai ƙarfi da abin da ke cikin inuwa a lokaci guda. Ka ɗauki mutum zaune a ɗaki, taga a bayansa da rana tsaka. Kyamara mai rauni sai ta zaɓi ɗaya, ko tagar ta zama fara fat, ko fuskar ta zama baƙa wuluk. Ana auna wannan ƙarfin da matakan haske, kowane mataki ninkin na ƙasa da shi ne. Blackmagic yana cewa Pocket 4K na da 13, Sony yana cewa FX30 na da sama da 14, FX3 kuma sama da 15. Waɗannan alƙaluman kamfanoni ne, kowa da yadda yake awonsa, kuma abin da ake iya mora a aikace yakan gaza haka. Kada ka zaɓi kyamara saboda bambancin mataki ɗaya a takarda. Fitila guda da ka haska fuskar da ita za ta ba ka fiye da wannan.

Maganar 6K kuwa, wato hoto mai ɗigo kusan dubu shida a faɗinsa, ka kwantar da hankalinka. Fayil ɗin da ake kai wa gidajen sinima, wanda ake kira DCP, iri biyu ne: 2K mai faɗin ɗigo 2048 da tsayi 1080, da 4K mai 4096 da 2160. ARRI Alexa ta farko, wadda ta fito a 2010, hotonta bai kai 4K ba, amma da ita aka ɗauki manyan finafinan Amurka masu yawa na shekarun da suka biyo baya, kuma da dama daga cikinsu a 2K aka kammala su. Masu ɗaukar hoto sun so ta ne saboda kalarta da yadda take riƙe haske. Amfanin 6K shi ne ka samu sararin yanke gefen hoto ko daidaita shi wajen editin. Kuɗinsa kuma shi ne manyan fayiloli da kwamfutar da za ta iya jan su. A gare ka 4K mai tsabta ya wadatar har ya yi saura.

Batun Netflix ma an faɗa maka rabi an bar rabi. Gaskiya ne suna da jerin kyamarorin da suka amince da su, kuma suna buƙatar a ɗauki kashi 90 cikin 100 na tsawon shiri da ɗaya daga ciki. FX3 da Canon C70 da Panasonic S1H duk suna cikin jerin. Sai dai dokar ta shafi shirye-shiryen da Netflix ɗin ya ba da kwangilar yi ne tun daga tushe. Fim ɗin da ka gama da kanka, daga baya wani ya gani ya saya, ba ta hau kansa ba. Masu zaɓen finafinai a bukukuwa kuwa labari da wasa da sauti ne ke tsayar da su ko su kore su.

To, mu zo kan kyamarorin. Tambayar da za ta raba maka gardama ita ce: kai kaɗai za ka riƙe kyamara, ko kana da mataimaka?

Idan kana da mutum biyu ko uku a gefenka, kuma fim ɗin na labari ne da ake tsara kowace fitowa a natse, Blackmagic ce ke ba da hoto mafi daraja a kan kuɗi mafi ƙanƙanta. Pocket 4K tana ɗauka a tsarin fayil iri biyu, ProRes da Blackmagic RAW, kuma wannan na biyun yana ba ka damar sauya ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, da zafin kala bayan an gama ɗauka, abin da ke ceton fitowa da yawa. Tsarin sarrafa ta a allonta mai inci 5 yana da sauƙin da yaro ma zai gane. Tana zuwa da lasisin DaVinci Resolve Studio, manhajar editin da gyaran kala da ƙwararru ke amfani da ita, wadda kuɗi ake biya idan ita kaɗai za a saya. Tana kuma iya zuba ɗauka kai tsaye a ma'ajiyar SSD ta kafar USB-C, wanda ya fi katunan CFast sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba. Amma ka san halinta kafin ka ɗauke ta. Ba ta bin fuska da fokas da kanta yayin da mutum ke tafiya, sai an juya da hannu. Ba ta da abin hana girgiza a jikinta, don haka duk rawar hannunka sai ta bayyana. Ƙaramin batirinta nau'in LP-E6 ba ya kai ka ko'ina, dole ka tanadi babban batir na waje. Allonta kuma a manne yake, ba ya ɗagawa, ga shi yana wuyar gani a rana. Ƙanwarta, 6K Pro ta 2021, ta gyara da yawa daga cikin waɗannan: allo mai haske da ke lanƙwasawa, batir NP-F570, filtar rage haske a ciki mai mataki 2 da 4 da 6, da kafar makirfo biyu. Bakinta na lensin Canon EF ne, sensarta kuma, wato ɓangaren da ke karɓar haske ya mai da shi hoto, girman Super 35 ce, wanda zan yi bayaninsa a gaba. Da za a ce in zaɓi kyamara ɗaya don fim ɗin labari mai ƙaramin jari da 'yan mataimaka, ita zan nuna.

Idan kuwa kai ne darakta, kai ne mai ɗaukar hoto, wani lokacin ma kai ne mai riƙe fitila, to Sony FX30 ce amsarka. Ta fito a 2022 a kan dala 1,799. Tana ɗaukar 4K a 10-bit 4:2:2, tana da fanka a ciki da ke hana ta zafi a doguwar ɗauka, tana da abin rage girgiza, kuma fokas ɗinta yana kama idon ɗan wasa ya bi shi duk inda ya juya. Wasu tsofaffin hannu suna raina fokas mai sarrafa kansa, ni ban yarda da su ba. Mutumin da ba shi da mai juya masa fokas, gara na'ura ta yi masa da ya koma gida ya tarar rabin fitowa a dushe. Ana sayar da ita da wani mariƙi na sama mai kafofin XLR na jona makirfo, ko ba shi. Ka sayi mai shi. Rauninta biyu ne: ba ta da filtar rage haske a ciki, kuma a duhu sosai ba ta kai yayarta FX3 ba. Ita FX30 tana da ISO na tushe biyu, 800 da 2,500, yayin da na FX3 suke 800 da 12,800, shi ya sa FX3 ke gani a wurin da ido ma ke laluben hanya. Sai dai kuɗinta ya ninka na FX30 har da ɗoriya lokacin da ta fito. Idan fitowar dare kaɗan ce a labarinka, ka yi hayar FX3 na waɗannan kwanakin kawai. Bakin lensinsu ɗaya, batirinsu ɗaya, kalarsu kuma tana haɗuwa ba wahala.

Panasonic Lumix S5 II ta 2023 tana tsakiya. Sensarta babba ce mai cikakken firem, abin hana girgizarta yana cikin mafi kyau a wannan aji, tana da fanka, kuma ita ce ta farko a gidan Lumix da aka sa wa irin fokas ɗin da ke bin motsi ba tare da hoto yana numfashi gaba da baya ba. Tana iya ɗauka da faɗin sensa gaba ɗaya, sai ka yanko na sinima da na tsaye don waya daga ɗauka guda. Idan ka nemi 4K a firem 60 a daƙiƙa sai ta yanke gefen hoton, kuma idan ka juya ta da sauri za ka ga abubuwa masu tsaye sun ɗan karkace. Ga mai fim ɗin gaskiya da ke bin mutane da kyamara a hannu, tana da daɗin aiki.

In kuma aljihu ya yi ƙasa ƙwarai, kada ka raina Panasonic GH5 ta hannu. Tun 2017 take, amma tana ɗaukar 4K a 10-bit 4:2:2 a cikinta har zuwa firem 30, ba ta da iyakar mintunan ɗauka, batirinta na jimawa, kuma jikinta na jure wahala. Fokas ɗinta mai sarrafa kansa ba abin dogaro ba ne, ƙaramar sensarta kuma tana son haske, sannan V-Log L ɗinta daban ake sayensa, don haka ka tambayi mai ita ko an riga an saka. Akwai wasu da ban tsaya a kansu ba: Canon C70 kyamarar aiki ce ta gaske, da filta da kafofin sauti duk a jikinta, amma ta fi ƙarfin wanda ke kirga kuɗi irin naka sai dai haya, Fujifilm X-H2S ma tana da kyau, Nikon kuma, bayan ya sayi kamfanin RED a 2024, ya shigo fagen da ZR.

Kada maganar girman sensa ta ɗauke maka hankali. Ana yawan kambama cikakken firem, mai milimita 36 da 24, kamar shi ne sinima. Alhali girman da aka shafe shekaru masu yawa ana ɗaukar finafinan sinima da shi shi ne Super 35, wato kusan girman sensar FX30 da 6K Pro. Babbar sensa tana ƙara dushe bayan hoto, amma hakan na nufin fokas ya ƙara wuya, lensi kuma ya ƙara nauyi da tsada. Abin da ya kamata ka riƙe shi ne lissafin faɗi: lensi mai milimita 50 a kan Super 35 yana gani kamar 75 a cikakken firem, a kan GH5 kuwa kamar 100. Wanda zai yi ɗauka a ƙananan ɗakuna sai ya nemi lensi mai faɗi tun da wuri.

Lensi ya fi kyamara daɗewa a hannunka. Kyamara takan tsufa cikin 'yan shekaru, lensi mai kyau kuwa zai bi ka zuwa ta gaba da ta gaba da ita. Bakin Canon EF yana nan tun 1987, saboda haka kasuwar na hannu cike take da shi, kuma da adafta yana hawa Sony da Panasonic da Blackmagic, domin an ƙera shi ya zauna nesa da sensa fiye da lensin sababbin kyamarori, adaftar ce ke cike tazarar. Idan sensarka Super 35 ce, Sigma 18-35mm f/1.8 shi kaɗai zai ɗauke maka mafi yawan fim ɗin. Ka ƙara masa 50mm f/1.8 don fuska, wanda yana cikin mafi sauƙin kuɗi a kowane kamfani. A kan Pocket 4K ko GH5, adafta mai gilashi irin Speed Booster 0.71x tana faɗaɗa hoton ta kuma ƙara mataki ɗaya na haske. Ina da sha'awar tsofaffin lensin hoton kati, irin Helios 44-2 na zamanin Tarayyar Sobiyat, saboda taushin da suke ba fuska, amma kada ka cakuɗa iri-iri a fim guda, domin kowane gida da kalarsa, kuma kai ne za ka sha wahalar daidaita su.

Yanzu ga inda nake roƙonka kada ka yi rowa: sauti. Makirfon da ke jikin kyamara, kowace iri ce, amfaninsa kawai daidaita murya da hoto wajen editin. Dalilin na kimiyya ne, ba na tsada ba. Duk lokacin da tazara tsakanin baki da makirfo ta ninka, ƙarfin muryar yana raguwa da kusan desibel 6, hayaniyar wuri kuwa tana nan yadda take. Makirfo a kan kyamara da ke nesa da mita 3, idan ka gwada shi da wanda aka rataya a sanda rabin mita daga bakin ɗan wasa, ya yi asarar sama da desibel 15 na murya. Babu manhajar da za ta mayar maka da wannan yadda yake. Makirfo mai matsakaicin kuɗi a kusa ya fi mai tsada a nesa. Ka nemi dogon makirfo irin Sennheiser MKE 600 ko ɗaya daga jerin NTG na Rode, da sanda, da rigar gashi mai tare iska, da ƙananan makirfo na maƙalawa a riga guda biyu, da na'urar naɗar sauti daban. Zoom F3 da F6 suna naɗa a tsarin 32-bit float, wanda ke sa ihu da raɗa duk su shiga ba tare da murya ta fashe ba, alheri ne babba ga wanda ba shi da ƙwararren mai sauti. Ka saita ta a 48 kHz, shi ne ma'aunin fim. Sannan ka ɗora mutum guda a kan wannan aikin kaɗai, da abin ji a kunnensa daga farkon fitowa har ƙarshenta, kuma ka ba shi ikon tsayar da ɗauka idan ya ji abin da bai dace ba. A kowane wuri, kafin a tashi, kowa ya yi shiru a naɗi minti ɗaya na sautin ɗakin. Editanka zai yi maka addu'a.

Haske ma haka. Fitilar LED guda mai ƙarfi daga irin Amaran ko Godox ko Nanlite, da lema mai tausasa haske, da faifan mayar da haske, da baƙin ƙyalle na tare shi, sun isa ka fara. Ka duba ma'aunin CRI, mai nuna yadda fitila ke fito da ainihin kala, ya kai 95 ko sama, in ba haka ba fata za ta yi kore-kore. A waje kuma matsalar juyewa take, haske ne ke yin yawa. Don motsi ya fito yadda ido ya saba gani a sinima, saurin shota, wato ɗan lokacin da kowane firem ke karɓar haske, yakan zama ninki biyu na adadin firem a daƙiƙa: 1/48 ko 1/50 a firem 24, 1/50 a firem 25. Ba a taɓa wannan don rage haske. To ka lissafa: rana tsaka, ISO 800, shota 1/50, kana son buɗe lensi a f/2.8, hasken ya wuce kima da kusan mataki 9. Filtar rage haske, wadda ake kira ND, ita ce kaɗai za ta cinye wannan. Wanda ya sayi FX30 ko S5 II bai sa kuɗinta a lissafi ba, ranar farko zai gane. Ka sayi mai kyau, a girman lensinka mafi faɗin baki, sauran ka haɗa su da zobba. A ƙarƙashin fitilun gida kuma ka lura da bugun wutar lantarki: inda take 50Hz ka tsaya a 1/50 ko 1/100, inda take 60Hz ka koma 1/60 ko 1/120, in ba haka ba hoton zai riƙa ƙyaftawa.

Wurin ajiya shi ne kuɗin da ba wanda ke tunawa da shi sai an shiga aiki. Mu ƙaddara fim ɗinka minti 90 ne, kuma ka ɗauki ninki goma na abin da zai shiga, wato awa 15. A tsarin da ke cin megabit 100 a daƙiƙa, awa guda gigabayit 45 ce, jimilla 675. A ProRes 422 HQ na 4K kuwa awa guda ta haura gigabayit 300, jimilla ta doshi terabayit 5. Kuma kwafi ɗaya ba ajiya ba ce. Ana son uku, ɗaya daga ciki a wani gini daban, kuma ba a goge kati sai an buɗe kwafin an tabbatar yana wasa. Akwai wani abin da ke ba sababbi mamaki: ƙananan fayilolin bidiyo masu tsarin H.265 sun fi manyan na ProRes wahalar da kwamfuta, domin an matse su sosai, sai ta yi ta faman warware su. Idan kwamfutarka ba ta da ƙarfi, ka sa manhajar ta yi maka ƙananan kwafi na aiki, ka yi editin da su, a ƙarshe ta koma kan na asali.

Ka kuma yi wa kanka tambaya ko sayen ma ya zama dole. Idan fim ɗaya ne za a ɗauka cikin makonni uku, haya na iya kawo maka kyamara da lensin da ba za ka iya saya ba, kuɗin da ya rage ya tafi ga 'yan wasa da ma'aikata. Saye yana da ma'ana ne idan za ka riƙa aiki da ita tsakanin fim da fim har ta mayar da kuɗinta, ko kuma ɗaukar za ta ja watanni. Ko wanne ka zaɓa, ka samu kyamarar a hannunka kafin ranar farko, ka ɗauki fitowa guda cikakkiya da ainihin 'yan wasanka, da rana da dare, ka kai ta har gyaran kala, ka kalla a babban allo.

In ta hannu za ka saya, ka je da katinka da lensinka. Ka rufe bakin lensi ka ɗauki baƙin hoto a ISO mai yawa, sannan ka ɗauki farin bango, ka duba duka biyun a kwamfuta ko akwai ɗigon da ya mutu ko layin da ya tsaya wuri guda, domin hasken leza na wuraren taro yana ƙona sensa kuma ba ya gyaruwa sai an sauya ta. Ka jona waya a kafar HDMI da ta USB ka ɗan motsa, ka ga ko hoto na yankewa, don su ne suka fi saurin lalacewa. Lensi kuma ka haska shi da tocila ta baya, ka nemi zare-zaren fumfuna ko hazo a cikin gilashi. Daga nan ka kunna ta a tsari mafi nauyi da take da shi, ka bar ta tana ɗauka har katin ya cika. Idan ta yi zafi ta kashe kanta a hanya, ka mayar wa mai ita kayansa.